Akwatin Gobe

Shagona na nan bayan Ƙofar Guga,
inda warin dalma ya kori na turare.
Piyano uku ke kwance a benci:
ɗaya ta kurmance, ɗaya tana tari,
ta ukun tun bara mai ita bai sake leƙowa.

In an ɗauke wuta da daddare,
ni da yarona Mati sai mu fito ƙofa
mu hau ƙera na'urorin da ba a yi ba,
babu waya, babu sukurdireba,
da baki kawai, shi da ba ya ƙonewa.

Mati ya ce, "Oga, wata rana za a yi piyano
mai naɗuwa kamar tabarma.
Ka shanya ta a rana ta sha ta ƙoshi,
ka saɓa ta ka haye babur,
a kwana ana kiɗa, janareta na barci,
tun daga nan har Batagarawa."

Na ce, yaro man kaza.
Ni damuwata ba nauyi ba ce.
Masu ƙera waɗannan sun yanka sauti
gunduwa-gunduwa, kamar sukari mai iyali,
fari nan, baƙi can, babu komai a tsakani.
Harshenmu kuwa a tsakanin yake kwana.
A ba ni maɓalli mai tsarkiya,
in matse shi yadda ake matse kalangu a hammata,
sautin ya lanƙwasa, ya hau, ya gangaro,
har kurma ya gane ana ce masa sannu da zuwa.

Sannan akwatin amsa-kuwwa.
Wanda ke hannuna ɗaki ɗaya ya sani,
wani ɗakin da ban taɓa shiga ba.
Ina son wanda in na murɗa hagu
zai ba ni soron kakata Kulu a Rimi,
mai mayar da sallama da taushi.
In na ƙara, rijiya gaba ashirin
da guga yana faɗawa.
In na kai ƙarshe, ruwan Agusta bisa kwano,
irin wanda ke sa mai magana ya haƙura da cewa.

Mati ya yi dariya: "Wa zai saya?"
Na ce, wa ya tambayi kasuwa?

Akwai wani kaset a aljihun tebur,
na babana Sallau da garayarsa,
an ɗauka ranar sunan ƙanwata.
Rediyo ta tauna shi sau biyu,
na liƙe da jan farce.
Ina son na'ura mai hannun tankaɗe,
ta fidda shuuu ɗin nan kamar dusa,
ta bar mini garin.
Amma kada ta taɓa kukan akuyar,
kada ta share dariyar innata
da ta faɗo daidai inda tsarkiya ke tsinkewa.

"Ai Oga," in ji Mati, "an ce kwamfuta
za ta iya ɗaukar muryar Baba
ta sa shi sabuwar waƙa."
Na yi shiru har sauro ya gama nasa baitin.
Na ce, a'a.
Wanda ya kwanta a bar shi ya huta.
Ban son a sa masa magana a baki.
Yatsunsa kawai nake son in ji sosai,
yadda suke ɗan jinkiri kafin su sauka,
jinkirin da injin ganga ba ya iyawa.

Sai ga wuta. Yaran unguwa suka ɗau ihu.
Fanka ta juya, dalma ta fara zafi.
Mati ya ɗauko mai tarin nan,
na buɗe cikinta, na tarar da gidan zanzaro.
Gobe tana tafe da nata akwatin.
Yau dai, riƙe mini tocila,
wannan wayar ce ke son kamawa.