Abin da Na Tarar a Tumbi

Da asuba a Abbatuwa, rana ba ta leƙo Fagge ba,
na kayar da farin bijimi, ɗan kasuwar Wudil,
wanda mai shi ya rantse dusa da harawa kaɗai ya sani.
Na sa wuƙa a tumbi.
Babu ciyawa.
Leda ce baƙa, ta murɗe ta dunƙule kamar gammo,
da igiyar buhu, da murfin kwalba.
Don haushi na ɗora a sikeli:
kilo bakwai da ɗoriya.

Shekara talatin da huɗu ina fawa.
Ubana Sallau da kaba yake tsire nama,
mai saye ya rataya a yatsa ya tafi,
mai kwano ya zo da kwanonsa, ya koma da abinsa.
Ni ko tsokar ɗari biyar
sai na ƙulle a leda, in zura a wata,
kada jini ya ɓata rigar Juma'a.
To wa ya ciyar da bijimin nan?
Na dubi hannuna, na kau da kai.

Bara da damina Jakara ta shaƙe,
ledar fiya wata ta tsaya mata a maƙogwaro,
ta amayo mana ruwan har tsakar gida.
Katangar Iya Tabawa ta durƙusa.
Muka ce ƙaddara,
muka kwashe laka a leda, muka mayar kwata.

Akwai wani yaro, Talle, ɗan bola jari,
yana bin lungu da buhun da ya fi shi tsawo.
A Dakata ake auna robarsa, a niƙe, a narke,
ta dawo buta.
Wataƙila da sharar da na yar nake alwala.

Dunƙulen nan ban yar ba.
Na wanke shi, na rataye a ƙugiya
tsakanin cinya da haƙarƙari.
Masu saye na tambaya, Malam Barau, wane yanki ne wannan?
In ce, rabonku ne, saniya ta ajiye muku.
Duk wanda ya zo da kwano, gyararsa hanta ce.

Jiya mutum shida suka zo da kwano.
Ɗaya ma samira ce mai tsatsa, ta kakarsa.
Sauran arba'in da wani abu
na ƙulle musu a leda,
kaina a ƙasa,
dunƙulen yana lilo a bisa kaina.