Faifai Huɗu a Tbilisi

Faifai huɗu na jere a kan tebur,
sababbi fil, ko ledarsu ban yage ba.
A waje motoci na ta hayaniya a gangaren Vera,
a ciki daga ni sai muryoyin tsofaffin Svaneti,
mutum sittin da uku,
arba'in daga ciki sun riga mu gidan gaskiya.
Shekara tara ina hawan duwatsu da rikoda a jaka,
yau duk abin da suka bar mini
a cikin ƙarfen nan zai riƙa kwana.

Elguja, mijin yayata, ya zo da shawara tun kafin ya cire hula.
Ya ce: Tsiala, sayi katin RAID,
mai ƙwaƙwalwar kansa, mai ɗan batirinsa.
Shi zai raba rubutu tsakanin faifan nan
ba tare da ya dami kwamfutarki ba.
In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki,
zai riƙe kalmar ƙarshe a bakinsa
har ta dawo ya ajiye ta a mazauninta.
Mai gadin kirki ba ya haɗa gadi da talla.

Tinatin, 'yar maƙwabta mai karatun lissafi,
tana jingine da ƙofa tana gatsar tuffa.
Ta ce: Anti, bar wa manhaja.
Injin nan naki rabinsa barci yake wuni,
ɗan lissafin da za a ɗora masa
bai fi ƙuda a ƙahon bijimi ba.
In kuma ya mutu gobe,
kwashi faifanki ki kai wa wani injin,
zai gane su yadda uwa ke gane kukan ɗanta.
Shi kati da harshen gidansu yake rubutu,
in ya tafi, sai ɗan'uwansa na ciki ɗaya.

Na dubi Elguja. Ya dubi silin.
Sai da shayi ya huce ya yi gyaran murya:
to, akwai dai wata shekara a maɗaba'a.
Katinsu ya ƙone wata Talata,
faifai lafiya lau, ko ƙwarzane babu,
amma aka yi musu magana suka yi gum.
Kamfanin ya daina ƙera irinsa.
Mako uku yana zarya a kasuwar Busasshiyar Gada,
tsakanin tsofaffin lambobin soja da cokulan azurfa,
yana nuna wa masu baza kaya a ƙasa
gawar da ke aljihunsa.
A Rustavi ya samu daga ƙarshe,
a kuɗin da har yau bai faɗa wa yayata ba.

Gani ga wane.

Daren nan barci ya yi mini rowa.
Na kunna muryar tsoho Bidzina,
wanda ya rera mini waƙar girbi yana tari,
ya ce in goge tarin, ban goge ba.
Wa zan ba amanar tarin nan?
Wanda ya fi gudu,
ko wanda in ya faɗi a hanya
kowa zai iya ɗaukar kayansa?

Da safe na bar wa manhaja.
Biyu-biyu na haɗa su, kowanne da madubinsa.
Kuɗin katin na raba gida biyu:
akwatin batir a ƙarƙashin tebur,
don zancen wutar da Elguja ya yi gaskiya ne,
ragowar kuma faifai na biyar,
don madubi ba ya gardama,
in na goge abu bisa kuskure shi ma gogewa zai yi.
Na biyar ɗin a tawul nake naɗe shi,
duk ƙarshen wata ya hau motar Kutaisi
zuwa kabad ɗin gwaggo Lamara,
tsakanin kwalaben zuma da takardun gida.

Har yanzu Elguja na cewa kati ya fi.
Ina ƙara masa shayi.
Fitilu huɗu kore suna ƙifta ido,
Bidzina yana tari, yana ci gaba da waƙarsa.