Littafin Bashi

Ƙarfe biyar da rabi nake hura wuta
a bakin tashar Agege, jikin katangar da gansakuka ta cinye.
Butar shayina ta san jirgin safe fiye da agogo:
yana yin kuka, tana tafasa.

Ran nan ruwa ya kwana yana zuba.
Tanimu mai gyaran agogo ya zo da laima mai karyayyen haƙarƙari,
ya sha mai kauri, burodi rabi, ƙwai biyu,
ya shafa aljihu, ya yi dariya:
"Rubuta, Malam Ilu. Sai yamma."
Na rubuta.
Iya Risikatu ta sauke daron kifinta a kan bencina,
ta ce in ƙara sukari, garin nan ba zaƙi.
Canjinta naira ɗari ya maƙale a hannuna,
ta ce in riƙe, ai gobe ma rana ce.
Sai wani ɗan makaranta da ban san sunansa ba,
kofi ɗaya, ba madara.
A littafi na sa masa "mai jar jaka".

Jirgin ya tashi kamar kullum,
mutum a kan mutum, wasu rataye a ƙofa.

Ban ji ƙarar ba.
Ƙarya zan yi in na ce na ji.
Ina ɗauraye kofuna
wayoyin tasha suka ɗauki kuka lokaci guda,
wani direba ya tsaya, bai ko kashe mota ba,
ya ce, "Gada ta durƙusa."

Shekara nawa muna jin nishinta?
Duk wanda ya hau ya san inda ake yin shiru,
inda mai tasbihi ke ƙara sauri.
Bara aka shafa mata fenti,
kamar a ranbaɗa wa mai ciwon ciki kwalli
a ce ya warke.

Na bar wuta a kunne na tafi.
Tarago uku a cikin baƙin ruwa,
na huɗu ya leƙo daga sama yana shawara.
Masu haƙar yashi da kwale-kwalensu
su suka riga jiniya isowa,
suna nutso, suna miƙo hannu, ƙafa, ɗankwali,
ba mai tambayar yaren wanda ya kama.
Kifin da Iya ta banda jiya da dare
ya koma ruwa, bai iya iyo ba.

An tsamo Tanimu bayan la'asar,
agogon mutane uku a aljihunsa.
Biyu sun tsaya.
Ɗaya na tafiya abinsa, ko kunya babu.

Da aka jera su, liman ya juyo ya ce,
"Akwai mai bin ɗayansu bashi?"
Littafin na ƙirjina, ya jiƙe da gumi.
Dubu ɗaya da ɗari biyu.
Na ɗaga hannu, murya ta ƙi fita,
sai da na maimaita: na yafe.

Wanda ake bi na ne ya hana ni barci.
Kwana tara ina yawo a Mushin da naira ɗari a ninke,
har na sami 'yarta tana hura gawayi.
Ta karɓa hannu biyu, ta daɗe tana kallonta,
ba ta sa a jaka ba.

An ce za a kafa kwamiti.
To, a kafa.
Ni dai na san duk kofin da ya bar teburina,
amma wanda ya karɓi kuɗin ƙarfe ya sayo fenti,
a wane littafi aka rubuta shi?

Shafin mai jar jaka ban soke ba.
Ba a ce an gan shi ba, ba a ce ba a gan shi ba.
Kowace safiya nakan ware kofi ɗaya, ba madara,
in ya zo in ce masa:
yaro, ina kuɗina?