Yatsu Biyu

A Ƙofar Ƙaura na gan su jingine da bango,
wili huɗu, inci sha takwas,
rana na wanka a cikinsu.
Na taya, aka ce albarka. Na sake tayawa.
Zancen taya, ga masu taya ciniki rututu,
ba wanda ya taya ni tunani.

Motata sha biyar take takawa tun fil'azal.
Ta san ramukan hanyar Mani
kamar yadda harshe ya san giɓi.
Ni dai na gaji da irin gaisuwar da ake mata,
ta girmamawa, irin ta gwaggo a gidan suna.

Baba Maiwada mai faci bai ko ɗago ba.
Ya kife sabon a ƙasa, ya gitta sanda a bakinsa,
ya zura tsinken tsintsiya ya auna zurfi,
ya karya shi daidai nan,
ya kai jikin tsohon. Tsinke ya yi saura.
Ya ce, "Ramin noti biyar, sun hau, ban musa ba.
Amma wannan waje zai leƙo, kamar haƙorin zomo.
Tsakanin taya da madigadi
yatsu biyu ake bari.
Naka ko farce sai ya yi sallama."

Na ce, "Baba, zamani ne."
Ya ce, "Rami bai san zamani ba.
Kuma roba siririya haka kamar silifas,
in an daki kwalta wa zai shanye?
Ƙugunka."
Ya ɗaura dai. Kuɗina ne.

Kwana tara ina shan kallo.
Daga Ƙofar Ƙwaya zuwa Ƙofar Marusa
gilas a sauke, gwiwar hannu a waje,
mai shayi ma sai da ya zubar da madara.
In na karya sitiyari ina jin wani ɗan gurnani,
sai in ƙara muryar rediyo.

Ran na goma muka taso daga ƙauye:
Inna da ƙanwarta a baya,
gero buhu biyu, zabi uku a kwando.
Ramin farko, ƙuuu, kamar zarto.
Na biyu, ƙauri ya cika mota.
Inna ta ce, "Sada, wa ke babbakar ƙafar sa
da tsakar ranar nan?"
Na uku bai yi magana da yawa ba,
ƙwal ɗaya, iska ta yi gaba abinta.

A gindin wata bedi na durƙusa.
Madigadi ya fere gefen taya kamar rogo,
bakin wili ya lotse.
Zabi na kallona ta ramin kwando.
Ba su ce komai ba, wanda ba halinsu ba ne.

Da la'asar sakaliya na iso, kai a ƙasa,
ina jiran "ai na faɗa maka".
Baba ya janye benci.
Ga tsofaffina huɗu a jere,
kowanne da sunana da alli.
Ya ce, "Sau uku ana tayawa. Na ce mai su na hanya."

Ya ɗaura, ya sauke jak, ya danna bayan mota da ƙirji,
sannan ya kamo hannuna, ba nasa ba,
ya cusa yatsuna biyu a wurin.
Suka shiga, suka fito, ko ƙwarzane babu.

Uku na sayar da asara.
Lotsattsen yana tsakar gida,
Inna ta ɗora masa randa.
Ta ce tun da take, ba ta taɓa samun
gammo mai ƙyalli haka ba,
kuma ruwan, wai, ya fi sanyi.