Ƙofa Biyu

Na yaye tamfol da safiyar Asabar
a bayan gidanmu na Gangare.
Ga ta nan kwance, doguwa, gindinta kamar na kwale-kwale,
launin shayin da aka ɗiga wa madara.
Ba kwarzane ko ɗaya a jikinta,
sai lotsawa uku a rufi, aikin ƙanƙarar wata damina,
kamar sawun yatsu a malmalar tuwo.

Buwik ce, 'yar Amurka, ƙofa biyu.
Baba ya saye ta a hannun wani Baturen kuza
da ke tattara komatsansa zai bar Bukur.
Ba ta taɓa ɗaukar buhu ba, ba ta san kasuwar Farin Gada ba.
Juma'a kawai take fita,
Baba a gaba, hula a karkace, gwiwar hannu a taga,
mu a baya, mun nutse cikin kujerun fata
masu ƙamshin turare da tsohon ƙarfe,
an hana mu taunar rake.

Duk Lahadi in Dalyop ya taso daga coci
sai ya biyo da sifana a aljihun kwat,
ya kara kunne a kan inji
kamar likita a ƙirjin jariri.
Shekara talatin da bakwai suna haka shi da Baba,
suna musu a kan fulogi, suna shan kunun gyaɗa.

Yanzu Baba ya yi wata bakwai a ƙasa.
Mu tara ya bari.
Gida ya rabu, gonar dankali ta rabu,
amma mota ba ta yankuwa kashi tara.

Mai sayen ya zo daga Abuja,
yaro ne, agogonsa ya fi hannunsa nauyi.
Ya zagaya ta da waya, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashi,
ya ce, mil nawa ta ci?
Na ce dubu arba'in da ɗaya, ga allo nan, ba ya ƙarya.
Na faɗa masa aibinta, don kar in ci haram:
tana shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya,
gilashin hagu sai an lallashe shi,
agogon ciki ya tsaya a huɗu saura kwata
tun kafin in yi gemu.

Ya yi dariya, ya ce duk wannan ba damuwarsa ba ce,
ai ba hawa zai yi ba.
A ƙofar gidan abincinsa zai girke ta,
a kunna mata fitilu, amare su jingina a ɗauki hoto.

Ya taya, na ce albarka.
Ya ƙara, na ce albarka.
Na dubi Yaya Tasalla a bakin zaure,
ta kawar da kai, ta gyara mayafi.
A na uku na ce na sallama,
muryar ta fito kamar ta aro.

Na roƙe shi abu guda:
ko sau ɗaya a mako, a tayar da ita,
a bar ta ta yi gurnani, mai ya zaga jijiyoyinta.
Ya ce to, yana duban waya.

Ba da ƙafarta ta bar Jos ba,
a bayan tirela aka ɗaure ta da sarƙa,
hancinta na kallon gida har suka sha kwana.

Inda ta kwanta ciyawa ba ta taɓa tsirowa ba.
Rami huɗu na taya, ɗigon baƙin mai a tsakiya.

Washegari Lahadi, ƙarfe sha biyu,
na ji sallamar Dalyop.
Ya tsaya a bakin wurin, hannu a aljihun kwat.
Ban ce komai ba. Na ɗauko masa kujera,
na ce wa yara su kawo kunu.