Dutsen Tsakar Gidanmu

Ɗalibai kan tare ni a bakin aji:
"Malama, me ya kai ki karatun ƙasa da duwatsu?"
Nakan ce sha'awa,
don amsar doguwa ce, ga rana ta take.

To, ga ta yau.

Ina shekara tara a Garin Malam,
inna kan tashe ni tun kafin assalatu.
In jera bido biyu a layin famfo,
in zauna kan ɗaya ina gyangyaɗi.
Famfo ya yi tari, ya yi shaƙuwa,
ya furzar da iska, ya kama bakinsa.
Kwana na huɗu ke nan.

Babana Zabairu mai ginar rijiya ne.
A Mirriya gaba goma yake yi, ruwa ya yi masa sallama.
Amma a tsakar gidansa
gaba shida kacal, diga ta yi ƙara, ta ba da wuta.
Ya hawo da ɓallin dutse a tafin hannu:
"Tsahara, riƙe. Ga wanda ya fi ƙarfin ubanki."
Na ce, "Don me can akwai, nan babu?"
Ya ce, "Allah ne masani."
Ya sharce zufa, ya daɗe,
ya ce, "Amma bai hana tambaya ba."

Shekara huɗu dutsen na ƙasan jakar lakwal,
yana huda mini littattafai,
har ranar da Mushe Cibo ya ji ƙararsa a kan tebur.
Bai yi dariya ba.
Ya jiƙa shi da yawu, ya juya shi ga taga,
sai ga baƙi, ga fari, ga ja-ja mai ƙyalli.
Ya ce, "Duk Damagaram a kan wannan take zaune.
Sai dai yana da tsaga,
ruwa kuwa can yake ɓuya
kamar kuɗin tsohuwa a ƙullin zane."
Ban yi barci ba ran nan.

Ba kowa ke da dutse ba.
Laminu, da muka raba benci a lise,
warin majema ne ya tura shi:
so yake ya ji abin da bagaruwa ke faɗa wa fata
har ta fasa ruɓewa.
Habsu, sanƙarau ya ɗauke ƙanenta cikin kwana biyu.
Ba ta zancen,
amma ka dubi yadda take leƙa madubin awo,
ka san akwai wanda take nema.
Ɗan Tani kuwa babu labari:
sunansa ya gani cikin 'yan lissafi, manne a bango,
ya ɗaga kafaɗa ya shiga.
Yau shi ke ƙidaya ruwan damina, ya fi mu duka naci.

Ni ina yawo da waya da turaku,
ina sauraren ƙasa kamar likita da ƙirjin yaro.
Sau bakwai na ce a haƙa, ƙura ta fito.
Na takwas, bara, bayan duwatsun gabas,
ruwa ya yi tsalle ya jiƙa direba.

Na cika kwano na kai wa Baba.
Idonsa ya tafi, harshe na nan.
Ya kurɓa, ya juya shi a baki,
ya ce, "Da ɗan gishiri-gishiri. Don me?"

Na ce ban sani ba tukuna.
Ya ce, "To me kike zaune yi?"