Talatin Da Ɗaya

Talatin da ɗaya na ƙirga a ƙofar lakwal a Garwa,
talatin da ɗaya a mota, ban da direba da buhun shinkafa.
Uwar Jaratu ta kamo mayafina ta taga:
"Madam, ba ta iya ruwa ba fa."
Na ce babu mai taɓa ruwa,
sai ka ce ni na haƙa Lagdo, makullinsa na jakata.

Da la'asar sakaliya muka sauka.
Tanti huɗu, turaku na uku.
Hamajoda, sarkin lissafi, sau biyu yana kafa nasa,
sau biyu iska tana kifa masa shi a ka.
'Yan girki suka ƙona tukunya,
wai itacen garin nan ba ya jin magana.
Muka ci ƙanzo da sardin, dariya ta cike gurbin miya.

Alli bai biyo ni ba.
Muryar nan da ke tsayar da aji cak,
nan na sake ta, ta bi kan ruwa, ba ta dawo ba.
Daga ni sai usur a wuya, da tocila, da kwalbar aidin,
da littafin suna da na yi matashi da shi.

Da dare ya raba, dorina ta yi gurnani a bayan duwatsu.
Tantin 'yan mata ya yi tsit,
sai ga Ayatul Kursiyyu a bakin Dudu
ta haɗe da "Ubanmu wanda ke sama" a bakin Tabita,
bargo ɗaya, numfashi ɗaya.

Ƙarfe biyu na tashi ƙirga kawuna.
Talatin.
Na murza ido, na faro daga ƙarshe.
Talatin.
Ga tabarmar Danwe, ga silifas ɗinsa a jere,
Danwe kam babu.

Danwe na bencin baya,
wanda jan birona ya fi kowa sanin takardarsa,
wanda wata bakwai ban ji daga bakinsa ba
sai amsa suna, shi ma ciki-ciki.

Cikina ya ɗuri ruwa tun kafin in kai bakin ruwa.
Ƙaya ta soke ni, sai da safe na sani.
Ina gudu ina shirya abin da zan faɗa wa uwarsa,
kowace kalma na ɗauko sai ta narke.

Sai ga 'yar fitila a gindin kwalekwale.
Wani tsoho, da taru shimfiɗe kamar zanin gari guda,
da yarona zaune, babban yatsan ƙafa ya danne igiya,
hannu na shiga yana fita, ba ya ko duba.
Suna hira da harshen da ban iya ba.
Ashe yana dariya. Ashe yana da wushirya.

"Madam, dorina ce ta keta masa.
In ba a ɗinke kafin asuba ba, gidansa ba a ɗora tukunya.
Idonsa ba ya gani da dare.
Haka kakana yake a Yaguwa."

Faɗan da na ɗauko tun daga tanti
ya tsaya min a maƙogwaro kamar ƙayar karfasa.
Tsohon ya ce, "Matso da wutar nan, 'yata."
Na matso.
Har kiran sallar fari ina riƙe da tocila,
ana gyara min hannu: sama kaɗan, hagu, a'a, nan.

Horo dai na yi masa, doka doka ce:
ya kankare tukunyar jiya shi kaɗai.
Yana cikin yi tsohon ya aiko da kifi cike da kwando,
kowa ya ci har da direba.

Talatin da ɗaya na mayar Garwa.
Jaratu ta taɓa ruwa, har gwiwa, ban faɗa ba.

Ran Litinin aka yi shifta.
Danwe ya ci shida bisa ashirin.
Na rubuta shidan, don shi ya ci.
Na duba littafin daga bango zuwa bango,
layin suna, layin zuwa, layin maki,
na daɗe da biro a hannu.
Shi kuwa yana bencin baya, kai a ƙasa,
yana ƙulla wani abu da zaren rigarsa.